Ƙanina mai sikila gabansa na tashi ya ƙi kwanciya, me ya kamata mu yi?

Tambaya: Salam likita. Ƙanina ne ɗan shekara 19, yana da sikila, muna wani ƙauye a ƙasar Gumel. Ashe tun bara gabansa kan tashi cikin dare da ciwo ya yi awa ɗaya ko biyu sannan ya kwanta, bai faɗa wa kowa ba, sai na watan jiya da ya kwana ya yini ya sake kwana a miƙe. Mun kai shi wajen mai magani an yi shafe-shafe da hayaƙi, a rana ta biyu ya saki. Yanzu ya ce tun daga ranar bai ƙara ganin tashin asuba ba. Shikenan ya rasa mazakutarsa? Kuma in abin ya dawo yaya za mu yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba shi lafiya, kai kuma Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya masa, don ba kowane yaya ne zai iya buɗe baki ya yi wannan tambayar ba. Zan yi maka magana ƙeƙe-da-ƙeƙe tunda babu kunya a neman lafiya.

Abin da ya samu ƙaninka sananniyar lalura ce, a asibiti ana ce mata firayafizim, ka riƙe sunan don zai yi maka amfani a gaban likita. Kuma a cikin maza masu sikila kusan ɗaya cikin uku sai ya haɗu da ita a rayuwarsa, wasu tun suna 'yan shekara biyar ko shida. Kaga kenan ba shi kaɗai ba ne, kawai dai kowa ɓoyewa yake shi ya sa baka jin labari.

Bari in fara da yadda abin yake faruwa don in ka gane wannan sauran duk zai zo maka da sauƙi. A cikin azzakari akwai wasu tsokoki guda biyu dogaye kwance gefe da gefe, cikinsu kamar soso yake, in sha'awa ta zo ko kuma cikin barci sai jini ya kwararo ya cika su, hanyoyin da jini ke bi ya fita su matse, shi ne tashin da ake gani. In an gama sai tsokar ta tsuke ta koro jinin ya koma jiki. Toh a wannan lalurar shigowar an yi, fitar ce ta gagara. Jinin ya makale a ciki, sabo ba ya shiga tsoho ba ya fita, iskar da ke cikinsa ta ƙare, ya yi baƙi ya yi kauri, naman wurin kuma ya zauna babu abin da ke ciyar da shi. A jikin mai sikila abu biyu ne ke haɗuwa, ƙwayoyin jininsa da zarar sun rasa iska sai su lanƙwashe su yi tauri su toshe ƙananan hanyoyi, sannan yawan fashewar da ƙwayoyin ke yi yana cinye wani sinadari da jijiyoyin wurin ke dogaro da shi wajen buɗewa da rufewa. Shi ya sa zaka ga jikin azzakarin ya yi tauri ƙiƙam yana zogi amma kan kaciyar da laushinsa, kuma babu wata sha'awa a tare da shi, azaba ce zalla.

Yanzu maganar lokaci, wadda ita ce gaba ɗaya maganar. Duk tashin da ya kai awa 4 to ya zama na gaggawa, daidai yake da wanda aka kawo daga hatsarin mota. Wanda aka saki jininsa cikin awannin farko yawanci yana komawa garau kamar ba a yi ba. In ya kai awa 12 naman ya fara kumbura yana jin jiki, in ya kai awa 24 ƙwayoyin tsokar sun fara mutuwa, daga awa 36 zuwa 48 kuwa mafi yawan tsokar ta tafi, kuma tsokar da ta mutu ba ta dawowa, tabo ne ke maye gurbinta, tabo kuma ba ya buɗewa ya ɗauki jini. Akwai wani abu da ke yaudarar mutane sosai, bayan kwana ɗaya da wani abu ciwon kan ragu sai 'yan gida su ce alhamdulillahi magani ya fara aiki, alhali raguwar ciwon a wannan matakin sau da yawa alamar naman ne ya gaji. Haka sakin da ya yi a rana ta biyu, ba hayaƙin ba ne, da an yi da ba a yi ba wasu daga ƙarshe sukan saki da kansu bayan ɓarnar ta riga ta auku. Ba ina faɗa ba ne don in ɗora maka laifi, abin da kuka sani kuka yi.

Toh shin ya rasa mazakutarsa? Gaskiya tsawon lokacin da ka faɗa yana cikin wanda muke tsoro, kuma rashin tashin asuba alama ce cewa tsokar ta taɓu. Amma wata ɗaya ya yi kaɗan a yanke hukunci. Akwai waɗanda bayan wasu watanni tashin ke dawowa, wani rabi-rabi, wani ya dawo yadda zai iya zaman aure da taimakon magani, wasu kuma ba ya dawowa. Ba wanda zai gaya maka a wane rukuni yake daga nesa, sai likitan mafitsara ya duba shi da hannu, ya taɓa ya ji ko akwai tauri-tauri a jikin azzakarin ko ya gajarce ko ya karkace, sannan a yi hoton da ke nuna yadda jini ke gudana a wurin. Ka kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko cibiyar mafitsara ta Abubakar Imam da ke cikin Kano, ko ku fara da asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko asibitin tarayya na Birnin Kudu su tura ku inda ya dace. Kar ku ce sai bayan girbi in an sayar da riɗi, a je yanzu.

Illolin da kan biyo baya ba rashin tashi kaɗai ba ne. Tabon da na ce yana iya janye azzakarin ya gajarce ko ya sirance ta wani gefe ko ya lanƙwashe, wani kuma akasin haka ya zauna da girma da kauri kullum amma babu ƙarfi. A lokacin da abin ke miƙe wasu fitsari kan gagare su sai an sa roba. Ruɓewar naman gaba ɗaya har ta kai ga yankewa ba kasafai ake gani ba, kuma inda ake ganinta yawanci an haɗa da wani abu ne, ko an ɗaure da ƙyalle ko roba, ko an tsaga, ko an shafa wani abu mai ƙuna ya yi gyambo. Sannan akwai illar da ba a gani da ido, ta zuciya. Saurayi ɗan 19 da yake ganin shikenan ba zai yi aure ba, zaka ga ya daina zama a majalisa, ya daina cin abinci, wasu ma tsoron barci suke don cikin barci abin ke zuwa. Ka sa masa ido ta wannan ɓangaren sosai, in ka ji yana maganar gara mutuwa kar ka ɗauka wasa ne, ka gaya wa likita.

Abu ɗaya da zai ɗan kwantar masa da hankali, wannan lalurar ba ta taɓa inda ake yin maniyyi. Ƙwayoyin maniyyi daga maraina suke, su kuma ba ruwansu da abin da ya faru, don haka rashin tashi daban rashin haihuwa daban. Ita kanta sikilar takan rage yawan ƙwayoyin haihuwa a wasu, wannan magana ce ta daban da za a iya aunawa in lokacin ya yi. Kuma ko da ya tabbata tsokar ta lalace ba a ce an rufe littafi ba, akwai ƙwayoyi da ke taimakon wanda ke da sauran tsoka mai rai, akwai na'urar da ke zuƙo jini, akwai kuma tiyatar da ake sa wata roba ta musamman a cikin waɗancan tsokokin biyu mutum ya iya saduwa da iyalinsa. Wannan ta ƙarshen tana da tsada ba kaɗan ba kuma ba ko'ina ake yi ba, amma akwai ta.

Dan Allah ga wani gargaɗi, ka isar masa yau. Abokai za su ce masa ya sayi ƙwaya a kemis ya gwada ya gani ko yana aiki, ko a kawo masa jiƙo ko zumar ƙarfin maza. Kar ya kuskura. Mutumin da jijiyoyinsa suka riga suka nuna ba sa iya sakin jini, a ƙara masa abin da zai turo jini ba tare da likita ya auna ba, ana iya jawo wani tashin da zai ƙarasa ɗan abin da ya rage.

Sai tambayarka ta biyu, in ya dawo. Kuma ka sa a ranka zai iya dawowa, ko da tashin asuba ya ɗauke. Waɗancan ƙananan da ya yi ta yi tun bara na awa ɗaya awa biyu su ne gargaɗin, yawanci babban yana zuwa ne bayan ƙanana sun yi ta maimaituwa, da a lokacin aka kama shi da an sa shi a kan maganin kariya. Don haka daga yanzu ko na minti talatin ne ya faɗa maka.

Da zarar ya farka ya ji abin, farko ya duba agogon wayarsa ya riƙe lokacin, in kuma a miƙe ya farka ya same shi to a ƙirga daga lokacin da ya kwanta barci don ba a san sa'adda ya fara ba. Ya tashi ya yi fitsari, ya sha ruwa da yawa, ya yi ta zagaya tsakar gida da sauri ko ya yi 'yar tsallen motsa jiki, a ɗora ruwa a wuta ya yi wanka da mai ɗumi, ya sha maganin ciwon da ya saba sha in ciwon ƙashi ya taso masa. Banda ƙanƙara, banda ruwan randa mai sanyi. Na san za a ce ai sanyi ke kwantar da gaba, eh ga mai lafiya, amma ga mai sikila sanyi ƙara lanƙwasa ƙwayoyin jini yake ya ƙara toshewa. Masu aure kuma su sani saduwa yawanci ba ta kwantar da irin wannan, wahala kawai za a ƙara wa juna.

In an yi waɗannan awa ɗaya ta cika bai saki ba, ku kama hanya. A littafi awa 4 aka ce, amma awa 4 ɗin nan ta a ce yana kan gadon asibiti ce ba ta fitowa daga gida ba, ku kuma kuna ƙauye, kafin a tashi mai mashin a fito titi a samu mota, daga Gumel zuwa Kano kaɗai awa biyu ce ko fiye, ga neman kati ga jiran likita. In kun kama hanya ya saki a mota ba a yi asara ba, ku ƙarasa a duba shi. Shi ya sa nake so tun yanzu da rana tsaka ka zauna ka tsara, wa zai ɗauke ku da dare, lambarsa na wayarka, kuɗin mai da na asibiti a ware su a ajiye kar a taɓa, kuma ka je babban asibitin da ya fi kusa da ku ka tambaya ko likitansu na zuƙe jinin irin wannan, don ka san ko nan zaka tsaya ko wucewa zaka yi. Ƙaramin asibitin ƙauye ba aikinsu ba ne, iyakarsu su yi masa allurar ciwo su rubuta takardar turawa, kar a kwana a can. A hanya ruwa ya sha amma kar ya cika ciki da abinci saboda ko za a shiga tiyata.

In kun isa kar ku tsaya kwana-kwana. Da yawa kunya ke sa su ce ciwon mara ne ko ciwon sikila ne ya tashi, sai a ba su benci su zauna a layi. Kai ka matsa kusa da nas ɗin ka ce gabansa ne ya miƙe tun ƙarfe kaza bai kwanta ba kuma yana da sikila. Jimla ɗaya ce amma ita ke sa a tsallake da shi layi.

Abin da za a yi masa kuwa, in ka ji zai ba ka tsoro amma bai kai yadda ake zato ba. Za a yi masa allurar ciwo mai ƙarfi, a sa masa ƙarin ruwa, in da buƙata a sa iskar oksijin, a ɗebi jini a auna. Sai a yi allurar kashe zafi a gindin azzakarin wurin ya mutu, sannan a soka allura mai ɗan kauri ta gefe a zuƙo jinin da ya makale da sirinji. Zaka ga jinin baƙi ƙirin mai kauri, a yi ta zuƙa ana wanke ciki da ruwan gishiri na asibiti har sai ja mai kyau ya fara fitowa, a nan ne ciwon ke sauka kusan nan take. Tsokokin biyu a haɗe suke ta ciki shi ya sa sau da yawa gefe ɗaya ya isa. Bayan nan ko tare da shi a sa wani magani ta cikin allurar da ke tsuke tsokar, sunansa fenilefrin, kaɗan-kaɗan duk bayan minti uku zuwa biyar ana dubawa har zuwa kamar awa ɗaya, inda babu shi ana amfani da adirenalin da aka sirka sosai. Wannan maganin yana iya harba jini sama ya sa bugun zuciya ya rikice, shi ya sa ake ɗaura masa abin awon hawan jini ana kallo, kuma shi ya sa ba aikin mai kemis ba ne ko wani mai allura na unguwa komai gwanintarsa.

Ga inda nake so ka buɗe ido. A wasu wurare da zarar an ji sikila sai a kwantar da yaro a rataya masa ruwa a yi allurar ciwo a ce a bari zuwa safe a gani, ko a ce sai an samo jini an ƙara masa tukuna. Ruwa da maganin ciwo suna da kyau kuma ana buƙatarsu, ƙarin jini ko musayar jini ma yana da wurinsa in jinin ya yi ƙasa ko abin ya ƙi ji, amma duk ba sa maye gurbin zuƙe jinin da ya makale, tare ake yinsu. In ka ga an wuce awa 4 ba a taɓa wurin ba, cikin ladabi ka tambaya, ranka ya daɗe za a zuƙe ne ko za a tura mu gaba. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne.

In zuƙa da allura sun gaza, wanda yakan faru in an daɗe jinin ya daskare, sai tiyata. Ana buɗa 'yar ƙofa ne ta kan kaciya zuwa cikin tsokokin da suka toshe don jinin ya samu wata hanyar fita. Akwai wadda ake yi da allura mai kauri kawai, ana kiranta da sunan Winter, akwai wadda ake yanka kaɗan a cire ɗan nama a bakin tsokar, ita ce ta Al-Ghorab, likita ne zai zaɓa gwargwadon abin da ya tarar. Bayan tiyatar wurin kan zauna a kumbure kamar bai kwanta ba na wasu kwanaki, wannan kumburi ne ba tashi ba. Kuma a nan ne ake samun dangi su ƙi sa hannu, wai an ce in aka yi aiki mutum ba ya ƙara moruwa. Abin da ke faruwa shine waɗanda ke kaiwa ga tiyata galibi su ne waɗanda suka zo bayan kwana biyu ko uku, tsokar ta riga ta mutu kafin wuƙa ta taɓa su, sai laifin ya faɗa kan likita. Ko a wanda ya makara ana yin aikin ne don a raba shi da azaba a kuma ceci abin da ya saura.

Maganar sammu kuwa, na san an yi ta a gidanku ko ba ka faɗa ba, wani ma zai ce ai matar wani ya nema aka ɗana masa. Wannan zargin shi ke sa samari su gwammace su ciji filo har gari ya waye da su faɗa wa mahaifinsu. Yaro ɗan shekara bakwai mai sikila ma yana yi, shi matar wa ya nema? Ka taimaka ka kashe wannan maganar a gida. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, a yi su a cikin mota ana tafiya. Abin da ban yarda da shi ba sam shine wanzami ya sa aska ko ƙaho a wurin da sunan fitar da mataccen jini, jinin yana can ciki ƙarƙashin wata fata mai tauri da tsaga ba ta kai wa, abin da za a samu kawai ciwo da ƙwayoyin cuta.

Sai kariya. Ya kamata a ce yana da asibitin masu sikila da yake zuwa a kai a kai, in ba ya zuwa to a fara, kuma a gaya wa likitan jinin maganar tashin nan ƙarara don da yawa ba sa tambaya in ba a faɗa ba. Akwai wani magani haidiroksiyuriya da ke rage tashin ciwon sikila gaba ɗaya, ana sha kullum ana auna jini lokaci-lokaci, in ana maganar haihuwa nan gaba a tattauna da likita don yakan rage ƙwayoyin maniyyi a wasu. Akwai ƙwayoyin da ake ba masu yawan ƙananan tashi su sha da dare irin su etilefrin, masu tsuke jijiyar wurin. Abin mamaki ma akwai tsarin da ake ba da ɗan ƙaramin awo na maganin nan irin Viagra kullum da safe, ba don saduwa ba, don ya daidaita sinadarin da na ce ya rikice, har an yi bincike a kansa a nan Kano a asibitin Malam Aminu Kano. Amma ka ji da kyau, wannan awo ne na likita da lokacin da ya tsara, ba shi ne a je kemis a saya ba, bai soke gargaɗin da na yi a sama ba. Magungunan da ke danne sinadarin mazakuta suna aiki amma ba a son su ga yaro mai tasowa ko mai neman haihuwa.

Na gida kuma sanannu ne, ruwa ruwa ruwa, musamman lokacin zafin bazara da ranar da ya yi aikin gona, ya yi fitsari kafin ya kwanta, ya rufa sosai da hunturu, gidan sauro da maganin kariyar maleriya don zazzaɓi na tayar da komai na sikila. Wiwi da kayan maye a nisance su. Azumi kuma ya tambayi likitansa ya tambayi malami, don ƙishirwar yini guda ga wanda ke cikin wannan halin ba ƙaramin abu ba ne kuma addini ya yi wa mara lafiya sauƙi.

Tunda wasu za su karanta waɗanda ba su da sikila, su ma yana samunsu. Mafi yawan wanda muke gani yanzu na maganin ƙarfin maza ne, na masu lasifika a kasuwa ranar cinta, da shayi da zuma da alewa da ake cewa na gargajiya ne zalla alhali an daka ƙwayar bature a ciki ba awo, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan irinsu, sai ango ya haɗa biyu ko uku a daren farko. Mafi hatsari ita ce allurar da ake yi a jikin azzakarin kai tsaye. Wasu magungunan taɓin hankali irin su Largactil su ma suna jawowa, mai shan su kar ya daina da kansa, ya koma wa likitansa a canza. Sankarar jini ma takan fara bayyana ta haka, shi ya sa duk wanda ya zo muke auna jininsa ko da ya rantse ƙwaya ya sha. Akwai kuma wani iri na daban da ke biyo bayan buguwa a tsakanin maraina da dubura, kamar wanda ya faɗa kan ƙarfen keke ko ya faɗo daga bishiya ya hau reshe ko saniya ta harbe shi, bayan 'yan kwanaki sai gaba ya tashi rabi-rabi ba ciwo. Wannan jijiya ce ta fashe a ciki jini mai kyau na ta shiga yana fita, ba ya kashe tsoka da sauri, sau da yawa yakan warke da kansa ko a toshe jijiyar, amma ba kai zaka yanke wane iri ne a gida ba.

Maganar aure in ta taso nan gaba, kar a yi gaggawar ɗaura masa don a gwada ko a rufe bakin mutane, a bari likita ya gama dubawa a san inda aka tsaya, abin da ya tabbata kuma a bayyana wa wadda zai aura ta hanyar da malamai suka tsara. Gwajin jini kuma dole ne, shi mai SS mai AA zai nema, a Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin kafin aure. Sauran ƙannenku maza masu sikila in akwai, kai ko wani babba namiji ya ja su gefe ya gaya musu wannan abu yana faruwa kuma in ya faru su zo su faɗa ko ƙarfe biyun dare ne, ƙanana kuma iyaye mata su lura in yaro ya tashi da kuka yana riƙe da wandonsa.

Ranar da za ku je ganin likitan mafitsara ku tafi da katinsa na sikila da duk magungunan da yake sha har da ragowar abin da mai maganin ya ba ku, ya kuma zauna ya tuno sau nawa ƙananan suka zo da tsawon kowanne ya rubuta a takarda. In an kira shi ka bar shi ya shiga shi kaɗai tukuna, akwai tambayoyin da ba zai iya amsawa a gaban yayansa ba, daga baya sai ka shiga ka ji bayani.